Hajji ko ziyara: me za mu kira tafiyar Kirista zuwa Urushalima?

Mai fassarar labarai: Jama'a, a taimaka. Duk lokacin da jirgin Kiristocin Najeriya ya tashi zuwa Isra'ila, kowace kafa da abin da take cewa: wata "hajjin Kirista", wata "aikin ibada", wata "ziyarar ibada". Bature kalma ɗaya gare shi, pilgrimage, da Makka da Urushalima duk ita yake sa musu. Mu wacce za mu riƙe?

Malamar tarihi: Ɗan'uwa, duba yadda abin ya faro tukuna. Kiristocin farko ba su da wata tafiya da aka ɗora musu a matsayin farilla. Ɗaiɗaikun malamai ne kan je Falasɗinu don su ga wuraren da suke karantawa a Littafi Mai Tsarki. Hanya ba ta buɗe sosai ba sai bayan 313, da Sarki Konstantin ya sakar wa addinin mara a daular Rum. Wajajen 326 mahaifiyarsa Helena ta je da kanta, da tsufanta. Aka gina coci a Baitalami, aka kuma keɓe Cocin Kabari Mai Tsarki a Urushalima a 335. A 333 wani matafiyi daga Bordo, Faransa ta yau, ya rubuta zangon da ya yi ɗaya bayan ɗaya, har da inda ake canjin dawaki. Tsakanin 381 da 384 wata mata, Egeriya, ta hau Dutsen Sinai, ta zaga, kuma duk inda ta tsaya sai a karanta nassin da ya shafi wurin, a yi addu'a, a wuce. Ka ga ba wata ranar tsayuwa da in ta kuɓuce tafiya ta ɓaci. A wannan ƙarnin ma Bishop Giregori na Nisa ya rubuta cewa sauya wuri ba ya kusantar da mutum ga Allah. Abin da ake jayayya ko ya kamata a yi shi, ai ba hajji ba ne a kunnen Bahaushe.

Wani dattijon coci: 'Yata, kin yi bayani, amma Kiristocin Gabas fa? Larabawan cikinsu hajji suke cewa. A zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa, Bagirke ko ɗan Bulgeriya da ya je Urushalima ya dawo, Haji ake liƙa masa a gaban suna, har yau ana ganinsa a sunayen zuriya a Girka da Saifurus. In su ba su ƙi ba, mu don me?

Malamar tarihi: Gaskiya ne, Baba. Sai dai a Larabci tushen kalmar nufar wuri ne, tana da faɗi. Da ta shigo Hausa ta tsuke. Ko wanda ya je Makka a watan azumi ba a ce ya yi hajji ba, umara ya yi. Madina kuwa ziyara ake cewa. Haka Hubbaren Shehu a Sakkwato, haka Kaulaha. Kuma in ka bi yadda abin ya bunƙasa a Turai, kaburbura ne ginshiƙinsa: na Bitrus da Bulus a Roma, na Yaƙub a Santiyago ta Sifen tun ƙarni na 9, na Tomas Beket a Kantabari bayan kashe shi a 1170. Zuwa kabarin bawan Allah neman albarka, Hausa ta daɗe da yi masa suna.

Mai fassarar labarai: To me ya hana "ziyara" kawai?

Dattijon coci: Gwamna ma ziyara yake kaiwa. Kana cewa "sun tafi ziyara Isra'ila" za a zaci jami'an gwamnati ne. "Aikin ibada" kuma ya yi faɗi, azumi da addu'ar asuba duk aikin ibada ne. Na sauko, a bar shi "ziyarar ibada". Dama mu a coci ba ka cika jin wani ya ce zai tafi hajji ba, sai dai da raha.

Mai fassarar labarai: Na rubuta: ziyarar ibada, masu ziyarar ibada. Kafin tashi zan ci gaba da ce musu maniyyata, tunda niyya ba ta wani addini ɗaya ba ce. Saura wanda ya dawo yana sa JP, wato Jerusalem Pilgrim, wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan sunansa. Baba, shi kuma fa?

Dattijon coci: Wannan ka bar masa haruffansa, kuɗi ya kashe.