An ce a ja dogon numfashi idan gaba na faɗuwa, amma ni jiri yake sa ni. Ina kuskuren yake?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani a taimaka. Duk inda aka juya shawarar ɗaya ce: idan damuwa ta taso ko gaba na faɗuwa, a ja dogon numfashi. To ni da na ja sau bakwai ko takwas sai jiri ya kama ni, leɓɓana da yatsuna su riƙa yi kamar ana tsira musu allura, faɗuwar gaban ma ta ƙaru. Shin abin nan yana da tushe a likitance, ko surutun intanet ne kawai? Idan yana da tushe, yaya ake yinsa, minti nawa, sau nawa a rana?

Malamin Gashin Ƙashi:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, laifin ba naki ba ne, rabin shawara aka ba ki. Da an ce "dogon numfashi" sai mutane su ɗauka ana nufin a cika ƙirji fam da iska, a saki, a sake cikawa da sauri. Wannan shi ke kawo jirin.

Jinin mai lafiya kusan a ƙoshe yake da oksijin koyaushe. Idan aka maƙala masa na'urar nan ta yatsa a asibiti, 95 zuwa 100 za ta nuna. Don haka zuƙar iska da yawa ba ta ƙara masa wani abin kirki, sai dai ta kwashe iskar kabon dayoksaid daga jini fiye da kima. Ita kuwa wannan iska, duk da muna kiranta gurɓatacciya, jiki na buƙatar wani adadi nata. Idan ta yi ƙasa, hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa sukan tsuke, shi ne jirin. Sinadarin kalsiyam da jijiyoyi ke aiki da shi ya ragu, shi ne tsikarin leɓe da yatsu, wani ma har yatsunsa su sanƙare su lanƙwashe. Mai fargaba ya ji haka sai tsoro ya ƙaru, ya ƙara jan iska, an koma 'yar gidan jiya.

Abin da ke kwantar da hankali yana wajen fitar da numfashi ne, da kuma rage gudunsa. Ki gwada yanzu: ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki ta gefen babban yatsa har ki ji bugun jini. Ja numfashi a hankali, za ki ji bugun ya ɗan ƙara sauri. Saki a hankali, za ki ji ya lafa. Aikin wata jijiya ce da likitoci ke kira begas, wadda ta sauko daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta isa zuciya da huhu da hanji. Ita ce birkin zuciya, kuma lokacin fitar da numfashi take kamawa sosai. Idan kika tsawaita fitarwar, kin daɗe kina taka birki kenan.

Baligi a zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti. Inda ake so a kai shi ne kusan 6 a minti, domin a nan bugun zuciya da hawa da saukar jini suke daidaita da numfashi fiye da ko'ina. Ga yadda ake yi.

Zauna a kujera, tafin ƙafa a ƙasa, ko ki jingina da bango a kan tabarma. Sassauta ɗaurin zani. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a saman cibiya. Ja iska ta hanci tsawon daƙiƙa 4, kaɗan-kaɗan kamar mai shinshina turare, ba kamar wanda ya fito daga nutso ba. Hannun cibiya ne zai taso, na ƙirji ya tsaya kusan cik. Sai ki tsuke baki ki fitar tsawon daƙiƙa 6, irin hurawar da ake yi wa cokalin koko mai zafi kafin a ba yaro. Daƙiƙa 10 kenan, sau 6 minti ɗaya. Ki yi minti 5, safe da dare.

Idan 4 da 6 ya yi miki tsawo har kina jin kamar za ki shaƙe, ki fara da 3 da 4 na kwana uku ko huɗu, sannan 3 da 5, sannan ki hau. Babu lada a wahalar da kai a nan.

Kurakuran da aka fi yi: ɗaga kafaɗu lokacin ja, wanda ke nuna da tsokar wuya ake numfashin, shi ya sa wasu ke tashi da ciwon wuya. Sai turo ciki waje da ƙarfi don a ga ya taso, alhali tsokar da ta raba ƙirji da ciki ce ya kamata ta sauka ta turo shi da kanta. Wanda ya kasa gane wannan ya kwanta rigingine ya ɗora ƙaramin littafi a cibiya, ya kalli littafin yana hawa yana sauka. Sai matse huhu a ƙarshe don a fitar da ɗigon iskar da ta rage, wanda ke sa ja na gaba ya zo da haki. Kuma kada a yi shi bayan an cika ciki da tuwo, a bari a yi awa guda.

Babban kuskure kuwa shi ne jiran ranar da gaba ya faɗi kafin a gwada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki koya wa jiki lokacin da kike lafiya lau, mako biyu zuwa huɗu a jere, don ranar buƙata ya zo miki ba tare da lissafi ba.

Nas Mai Dare:

Bayanin Malam ya yi, amma Hajiya sunanki ya sa zan tsaya a kan wani abu kafin a je ga atisaye. Ƙaramin yaronki watansa nawa?

Dalilin tambayar: akwai ciwon raunin zuciya da ke kama mata daga watan ƙarshe na ciki zuwa kamar wata biyar bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa. Alamominsa su ne haki da ɗan ƙaramin aiki, kasa kwanciya sai an tara matashi biyu ko uku, tari da dare, kumburin ƙafa, da bugun zuciya. Mai jego da ke da waɗannan ba atisayen numfashi take buƙata ba, hoton zuciya take buƙata, kuma da wuri.

Ko ba jego, faɗuwar gaba ba kullum damuwa ba ce. Ƙarancin jini na kawo ta, kuma gwajinsa ba ya ɗaukar lokaci. Haka ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod idan ta yi aiki fiye da kima, musamman in akwai rama da zufa da rawar hannu. Haka saukar sukari ga mai shan maganin suga. Goro, kofi, shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari duk suna da sinadarin kafeyin, mai iya sa zuciya gudu. Inhelar asma mai buɗe ƙirji ma takan sa zuciya gudu na ɗan lokaci.

Abu biyu kuma. Dabarar nan ta rufe baki da hanci da jakar takarda idan mutum na haki, a daina. Idan ashe asma ce ko ciwon zuciya, an rage masa oksijin a lokacin da ya fi buƙata. Na biyu, ciwon ƙirji mai dannewa da ke tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ko suma, ko leɓe ya canza launi, wannan asibiti ne kai tsaye.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai. Ƙaramin ya shekara uku, babu kumburi babu tari, amma zan je a duba jinin. Tambayata ta biyu: idan abin ya taso ina cikin mutane, a gidan biki ko a layi, ba zan iya zama ina ƙirge ba. Akwai na gaggawa? Kuma na ga ana yawan ambaton 4-7-8.

Ɗalibin Halayyar Ɗan Adam:

Akwai, kuma kin san shi tun kina goye, ajiyar zuciya ce. Ki lura da yaron da ya gama kuka: sai ya ja iska sau biyu a jere, na biyun gajere a kan na farko, sannan ya sauke dogo, daga nan sai barci. Ko babba yakan yi ajiyar zuciya kusan duk minti biyar ba tare da ya sani ba, domin tana buɗe ƙananan jakunkunan huhu da suka lotsa.

Da gangan ana yinta haka: ja ta hanci har ƙirji ya kusa cika, ƙara ɗan ja kaɗan a kai, sannan ki saki ta baki a hankali har ya fi jan tsawo, ninki biyu in ya samu. Sau 2 ko 3 ya isa a cikin mutane, kuma a ƙarƙashin mayafi babu wanda zai lura. Ki kiyaye dai da abin da Malam ya faɗa: in kika gaggauta fitarwar kika jera goma, jirin zai dawo.

A Janairun 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum ɗari da 'yan kai. An raba su huɗu, kowa minti 5 a rana tsawon wata guda: masu wannan ajiyar zuciya, masu numfashi mai kusurwa huɗu (ja, riƙe, saki, riƙe, duk tsawonsu ɗaya), masu numfashin sauri, da masu zama shiru suna lura da numfashinsu kawai. Duka sun samu sauƙi, amma masu ajiyar zuciya ne suka fi samun walwala, kuma gudun numfashinsu ya fi raguwa. Sai dai kada a zuzuta. A shekarar dai wasu masu bincike a Birtaniya suka tattara gwaje-gwaje 12, suka ga tasirin atisayen numfashi a kan damuwa ƙarami ne zuwa matsakaici. Yana rage kaifin abu, ba ya biyan bashi, ba ya sasanta rigimar gida.

Shi 4-7-8 wani likita Ba'amurke, Andrew Weil, ya yayata shi: ja 4, riƙe 7, saki 8, zagaye huɗu kacal ga mai farawa. Mai kusurwa huɗu kuma ja 4, riƙe 4, saki 4, riƙe 4. A ganina duka biyun ba na mai farawa da ke fama da firgici ba ne. Riƙewar takan zo masa kamar shaƙewa, ita ce kuwa abin da yake tsoro. Mai ciki, mai sikila, mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, su bar riƙe numfashi mai tsawo sai da izinin likita. Numfashin sauri irin na wani ɗan ƙasar Holan, Wim Hof, da ake gani a YouTube kuwa, mai farfaɗiya ya nisance shi domin yana iya tayar da ita, kuma ba a yinsa a ruwa ko ana tuƙi, mutum na iya suma ba gargaɗi.

Akwai kuma waɗanda sa ido a kan numfashi shi kansa ke tayar musu da hankali. Irin waɗannan su buɗe ido, su yi tafiya a hankali: taku 3 ana ja, taku 5 ana saki. Firgici mai tsanani yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya fara sauka. Idan yana dawowa a kai a kai har ya hana ki fita, ko baƙin ciki da rashin barci sun wuce mako biyu, a ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, kuma asibitocin koyarwa suna da sashensa. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Baba Mai Carbi:

'Yata, ƙirgen daƙiƙa yana gundurar mutane, shi ya sa suke bari bayan kwana uku. Ki ɗauki carbi mai 33. Kowace ƙwaya numfashi ɗaya, ja 4 saki 6. Idan kika zagaye kin yi minti 5 da rabi, ba ki kalli agogo ba, ba ki taɓa waya ba. Ki liƙa shi da abin da ba ya wuce ki, kamar bayan Asuba da bayan Isha'i, tunda dama kina zaune a kan sallaya.

Masu jin ƙyashin abin saboda sun ji ana danganta shi da yoga ta Indiya, su sani huhu da jijiya na kowa ne. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, ya auna masu karanta addu'ar carbin Katolika da Latin da masu maimaita kalmomin yoga, ya tarar duka biyun numfashinsu ya sauka kusan 6 a minti, saboda doguwar jimla ana faɗinta ne a kan fitar numfashi. Ba a kan zikiri aka yi gwajin ba, amma duk mai jan salati ko istigfari a natse ya san da fitar numfashi ake furta shi. Ga kuma hadisin Abu Zarri da Abu Dawud ya ruwaito, cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Ki fara da zaman, sannan numfashin.

Sai maganar hunturu. Hanci a toshe ba ya jan daƙiƙa 4 cikin sauƙi. Rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce, a ɗiga a kowane hanci a fyace kafin a fara, kuma a haɗa sabo kullum. Kada a yi atisayen a ɗakin da aka turara turaren wuta ko aka kunna maganin sauro mai hayaƙi, balle inda gawayi ke ci ƙofa a rufe.

Malamin Gashin Ƙashi:

Dabarar carbin Baba ta fi agogo. Ƙari ɗaya don ki san ko yana aiki: yau, kafin ki fara, ki sa wani a gida ya ƙirga numfashinki na minti ɗaya lokacin da hankalinki ke wani wuri, domin in kin san ana ƙirgawa zai canza. Ki rubuta adadin, tare da makin damuwarki daga 0 zuwa 10 kafin zama da bayansa. Bayan mako huɗu a sake ƙirgawa a irin wannan lokacin. In har jiri ya zo a tsakiyar zama, iskar da kike ja ce ta yi yawa: ki tsaya minti ɗaya, ki rufe baki ki yi numfashin da kika saba ta hanci, sannan ki ci gaba da rabin abin da kike ja a da.