Kafin a dasa SAP a duk rassan kamfani

Ga abin da na tsinta a hirarmu da masu harkar dasa SAP, wato manhajar da kamfanoni ke tafiyar da lissafin kuɗi, kaya da ma'aikata da ita. Kusan kowa cewa ya yi kar a kunna manhajar a duk ƙasashe rana ɗaya, a fara da reshe guda in ta zauna sai a ƙara gaba, Hershey, masana'antar cakulan ta Amurka, ta yi garajen kunna ta a 1999 cakulan ya maƙale a sito dab da bikin Halloween, lokacin da ake rububin sayen cakulan a can. A tace data kafin a kwashe ta zuwa sabuwar manhajar, harajin kowace ƙasa kuma daban ne. Inda aka fi jayayya shi ne yawan yi wa manhajar kwaskwarima, ni dai ina bayan masu cewa a rage, Lidl fa, mai jerin manyan kantuna ta Jamus, ta yi ta yi wa SAP kwaskwarima har ta narka kusan Yuro miliyan 500 ƙarshe ta watsar da aikin a 2018. Tirenin ma'aikata kuwa kar a bari sai satin ƙarshe.