Jami'o'i biyu sun ba 'yata gurbi: ta yaya zan gane wadda za mu iya biya?

Baban Amira:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Muna zaune a Amurka da iyalina, kuma babbar 'yata ta samu gurbin karatu a jami'o'i biyu, ɗaya mai zaman kanta a wata jiha, ɗaya kuma ta gwamnatin jihar da muke ciki. Bayan mun cike fom ɗin FAFSA, wato na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya, kowacce ta aiko da takardar tallafi, kuma sun ba mu zuwa 1 ga Mayu mu biya kafin alƙalami.

Mai zaman kanta ta ƙiyasta kuɗin shekara, haɗe da ɗaki da abinci da littattafai, a kan dala 78,000, ta ce tallafinmu dala 61,000 ne: 38,000 daga jami'ar, 5,000 na Pell (kyautar gwamnatin tarayya ga ɗalibai masu buƙata), 5,500 lamunin ɗalibi, 2,500 na aiki a cikin makaranta, da 10,000 da aka rubuta PLUS a gefensa. Ta jiha kuwa kuɗinta 29,000, tallafinta 17,000: Pell 5,000, kyautar jiha da ta jami'a 6,500, da lamuni 5,500. A lissafina tazarar ba ta wuce dala 5,000 ba, kuma ran yarinyar yana kan ta farko. Sai dai tun bara aka rage mini awannin aiki, kuma ba na son abin da zai jefa mu cikin kuɗin ruwa. Shin lissafina daidai ne?

Maman Sadik:

Wa alaikumus salam Baban Amira. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya. Na bi wannan hanya da yara biyu, kuma kuskuren da na yi a kan na farkon shi nake hango maka, wato ɗaukar jimillar da ke ƙasan takarda a matsayin kyauta. Abin da ke cikin takardar iri uku ne aka gwama wuri ɗaya: akwai kuɗin da aka ba ku ba za ku mayar ba, akwai bashi, akwai kuma albashin aikin da yarinya ba ta ma fara ba.

Ka ɗauki biro ka ware kyauta zalla. A jami'a mai zaman kanta 38,000 da 5,000 ne kawai, wato 43,000, saura 35,000 a wuyanku kowace shekara. A ta jiha kyautar 11,500 ce, saura 17,500. Ka ga ashe ba tazarar 5,000 ba ce, abin da za ku biya a mai zaman kanta ya ninka na ta jiha sau biyu cur, kuma idan ka buga da shekara huɗu za ka samu 140,000 a gefe guda, 70,000 a ɗaya gefen, tun kafin a yi maganar ƙarin kuɗin makaranta da yawancinsu ke yi duk shekara.

Wannan 10,000 na PLUS shi ya fi damuna. Bashi ne da gwamnatin tarayya ke ba iyaye, da sunanka za a rubuta shi, kai za ka biya, kuɗin ruwansa ya fi na lamunin ɗalibi, kuma ana zaftare sama da kashi 4 cikin ɗari tun kafin kuɗin su isa makaranta. A ganina bai kamata wata jami'a ta jera shi cikin tallafi ba ko kaɗan. Shi kuwa 2,500 na aiki, sai ta nemi aikin ta samu, ta yi awannin, sannan a riƙa biyanta kaɗan-kaɗan kamar albashi. Ba a cire shi daga kuɗin da za a nema a hannunku a farkon zango.

Malam Habu:

Lissafin Hajiya daidai ne, ba ni da abin gyarawa a ciki. Na yi shekaru ina aiki a ofishin tallafin ɗalibai na wata kwaleji, don haka zan tsaya a kan maganar rage maka awannin aiki, domin a nan nake ganin akwai ƙofar da ba ka ƙwanƙwasa ba.

FAFSA ba ta duba abin da kake samu yau. Takardun harajin shekara biyu baya take amfani da su, wato mai shiga jami'a a kakar 2026 da kuɗin shigar 2024 aka auna shi. Tunda samunka ya ragu bayan wannan shekarar, adadin da aka fitar muku bai nuna halin da gidanka ke ciki ba. Dokar tarayya ta ba jami'an ofishin tallafi ikon sake duba lissafi idan yanayin iyali ya sauya, kamar rasa aiki, raguwar albashi, ko kuɗin asibiti masu yawa. Ka rubuta wa jami'o'in biyu, kowacce daban, gajeriyar wasiƙa cikin ladabi, ka haɗa da takardun albashinka na watannin nan da wasiƙar wurin aiki da ke nuna ranar da aka rage awannin. Ka faɗi adadin da za ka iya biya a shekara ƙarara. Wasiƙar da ta fi saurin samun amsa a teburinmu ita ce mai lambobi da shaida, domin jami'i ba ya iya sauya komai sai da takardar da zai ajiye a fayil. Idan aka gyara lissafin, Pell ɗinta ma yana iya ƙaruwa, tunda mafi girmansa a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 dala 7,395 ne, ita kuwa 5,000 aka ba ta. Ka yi wannan a makon nan, kada ka bari sai ƙarshen Afrilu lokacin da wasiƙu suka yi musu yawa.

Sannan ka tambayi mai zaman kanta a rubuce ko 38,000 ɗin nan na shekara huɗu ne, da sharaɗin da ke kansa. Idan na ƙwazo ne, sau da yawa akwai makin da dole ta riƙe, in ta gaza a janye shi. Idan na buƙata ne, duk shekara za a sake auna ku. Ka kuma sani cewa tun gyaran da aka yi wa FAFSA a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, lissafin tarayya ya daina rage wa iyaye nauyi don suna da yara biyu a jami'a lokaci guda, saboda haka in akwai ƙani ko ƙanwa da ke biye da ita, ka sa su cikin shirinka tun yanzu. Bashin PLUS ma an sa masa iyaka daga 1 ga Yulin 2026 ga sababbin masu karɓa: dala 20,000 a shekara, 65,000 gaba ɗaya a kan kowane ɗalibi.

Zainab:

Baba, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe, kuma zan yi magana kan kuɗin ruwa, domin mu ma a gidanmu shi ne ya fi tsaya mana a rai. Wannan 5,500 shi ne iyakar abin da ɗalibin shekarar farko da ke ƙarƙashin iyayensa zai iya ara daga gwamnatin tarayya, kuma kashi biyu ne. Har zuwa 3,500 na iya zama irin wanda gwamnati ke ɗauke ruwansa muddin ana karatu aƙalla rabin lokaci, da wata shida bayan gamawa. Sauran kuwa ruwansa yana fara taruwa tun ranar da aka saki kuɗin. Hukuncinsa a addini malamai za ku tambaya, amma abin da na tabbatar shi ne ba dole ba ne a karɓa: ana iya ƙin lamunin gaba ɗaya ko a karɓi wani ɓangare, kuma hakan ba ya taɓa kyautar da aka bayar. Mu mun ƙi shi, muka shiga tsarin biya wata-wata da jami'armu ke da shi, wanda babu ruwa a kansa sai ɗan kuɗin rajista. Ku tambaya ko jami'o'in biyu suna da irinsa.

Ina kuma roƙonka ka zaunar da Amira ka nuna mata lambobin nan da kanta. Lokacin da mahaifina ya ce mini ba zan je jami'ar da nake so ba, bai faɗa mini dalili ba, na yi watanni ina zaton bai yarda da ƙoƙarina ba ne, alhali kuɗin ne suka fi ƙarfinsa yana jin nauyin faɗa. Da na ga takardar tun farko, da ni da kaina zan zaɓi inda nake yanzu.

Baban Amira:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, na sake lissafin kamar yadda kika nuna, kuma gaskiya 35,000 a shekara ya fi ƙarfina ko da ba a rage mini aiki ba. Malam Habu, na karɓo wasiƙar wurin aiki yau, gobe in sha Allah zan aika wa ofisoshin biyu. Zainab, 'yata, daren jiya mun zauna da Amira da mahaifiyarta a kan takardun. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce mu jira amsar mai zaman kanta zuwa 25 ga Afrilu, idan abin da ya rage bai sauko kusa da na jiha ba, mu biya kafin alƙalamin ta jiha.