Tiddlywinks da Hausa: ni dai faɗa-kurtu na zaɓa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin fassara da masu kishin harshe. Kalmar da ke gabanmu ita ce tiddlywinks, sunan wani wasa na Turawan Ingila. Shawarwari uku ne suka fi yawa cikin abin da kuka kawo: ko a Hausantar da sunan a ce tidiliwinki, ko a ce wasan ƙuma, ko a jingina shi da carafke. Ina da ta huɗu, amma bari mu fara ganin wasan tukuna, ai sai an haihu ake raɗa suna.

Ƙyallen ulu mai kauri ake shimfiɗawa a kan tebur, tsawonsa ƙafa 6, faɗinsa ƙafa 3, a ajiye ɗan ƙaramin mazubi a tsakiya. Launi huɗu ne: shuɗi da ja gefe guda, kore da rawaya gefe guda. Kowane launi yana da 'yan fayafayan roba guda 6, biyu manya masu faɗin milimita 22, huɗu ƙanana masu milimita 16. Mai wasa yana riƙe da wani faifai da ya fi su girma. Sai ya ɗora bakinsa a kan ƙaramin, ya latsa yana janyowa baya a hankali, har ya zame daga gefen ƙaramin. A daidai wannan zamewa ƙaramin ke tashi sama ya yi gaba. Duk wanda ya taɓa matse ƙwayar kankana tsakanin yatsu biyu ta fice masa ya san abin da nake nufi. Laushin shimfiɗar ne ke ba da wannan tashi, shi ya sa 'yan gasa ba sa wasa da zancen irin ƙyallen da za a shimfiɗa.

Hajiya, ke da kika kawo carafke, a nan muka rabu. A carafke hannu ne ke cilla dutse sama ya cafe. A nan babu jifa, babu cafewa, babu ɗalli da yatsa. Idan muka ce carafken Turawa, mai karatu zai hango 'yan mata a tsakar gida da duwatsu, kuma mun ɓatar da shi ke nan tun daga kalmar farko.

Wasan ya fito ne daga Landan. Wani ma'aikacin banki mai suna Joseph Assheton Fincher ya nemi a yi masa rajistar mallakarsa a 1888, a 1889 kuma ya nemi rajistar sunan, wanda a lokacin ake rubutawa Tiddledy-Winks. Kamfanin John Jaques and Son, masu kayan wasanni, su suka riƙa sayar da shi da wannan suna. Cikin shekarun 1890 abin ya zama yayi a Ingila da Amurka, kuma manya ne ke yin sa a falo bayan cin abincin dare, maza da mata tare. Da ƙashi da hauren giwa da katako aka fara yin fayafayan kafin roba ta zo. Wasu kamfanoni suka fito da nasu salon, wani mai kwaikwayon tanis, wani golf. Da yayin ya wuce sai wasan ya koma hannun yara, har sunansa a Turanci ya zama abin da ake kiran duk wani aikin da ba shi da nauyi.

A 1955 ne labarin ya juya. Wasu ɗalibai a Jami'ar Kambirij, cikinsu akwai Bill Steen da Rick Martin, suna neman wasan da za su wakilci jami'arsu a cikinsa, sai suka kafa ƙungiyar wannan wasa a watan Janairun shekarar, suka zauna suka tsara masa dokoki. A 1957 mujallar Spectator ta buga wani rubutu da kanunsa ke tambaya ko Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, yana maguɗi a wannan wasa. Ɗaliban suka ga dama ta samu, suka aika wa Yarima goron gayyata ya zo ya kare sunansa. Shi kuma ya wakilta 'yan Goons, masu wasan barkwanci a rediyon BBC, aka kara ranar 1 ga Maris 1958 a Kambirij, ɗalibai suka yi nasara. A shekarar ce aka kafa ƙungiyar wasan ta Ingila. Yarima ya ba da kofin azurfa domin jami'o'i su yi takara a kansa. 'Yan wasan Jami'ar Oksfod suka zagaya Amurka a 1962, ƙungiyar Arewacin Amurka ta kafu a 1966, jami'o'i irin su MIT da Cornell suka fitar da gwanaye, a 1973 kuma aka fara gasar duniya ta mutum da mutum. Larry Kahn na Amurka da Patrick Barrie na Ingila suna cikin waɗanda suka fi kowa ɗaukar kambun.

Na kawo tarihin ne saboda sunan da za mu zaɓa dole ya ɗauki wasa biyu: na falo da na gasa. Kuma sun bambanta ƙwarai. A na falo kowa rige-rigen saka nasa cikin mazubi yake. A na gasa, babban makami shi ne ka sa faifanka ya hau kan na abokin karawa. Ko da ɗan gefe kaɗan ya rufe, na ƙasan ya kamu, ba a taɓa shi sai an kuɓutar da shi. Turawa squop suke ce wa wannan. Za ka ga gwanaye biyu sun sunkuya a kan tebur an daɗe babu wanda ya nufi mazubi, sai ɗan motsi na milimita biyu ko uku, wannan ya hau wancan, wani ya zo ya hau su duka, har a tara tsibi guda da ake ta dabarar yadda za a warware shi. Lokaci minti 25 ne idan biyu da biyu ne, minti 20 idan ɗaya da ɗaya ne, sannan a ƙara zagaye biyar. Daga nan a yi lissafi: wanda ya shiga mazubi uku ne, wanda ke fili ba a rufe shi ba ɗaya ne, wanda aka rufe ba shi da komai. Launin da ya zo na farko ya sami maki 4, na biyu 2, na uku 1. Maki 7 ke nan ake rabawa a kowane wasa.

To, mu koma kan sunaye.

Tidiliwinki ba na ƙin sa don aro ne. Mun ari ludo da kati da sinuka, kuma sun zauna daram. Amma waɗannan da kayansu suka shigo, mutane suka gani da ido, suka taɓa da hannu, sannan sunan ya bi. Wannan kuwa a rubuce yawancin masu karatunmu za su fara gamuwa da shi. Gaɓa biyar ce da ba ta gaya wa Bahaushe komai, kuma duk inda aka rubuta ta sai an biyo ta da jimlar bayani. Sunan da kullum sai an yi masa rakiya bai gama zama suna ba.

Malam, kai ɗan uwanmu na Nijar da ka kawo wasan ƙuma, hujjarka tana da ƙarfi, na yarda. Faransawa jeu de puces suke cewa, Jamusawa Flohspiel, duka biyun ma'anarsu ke nan, saboda tsallen faifan. Wanda ya yi karatu da Faransanci zai gane nan take. Matsalata biyu ce. Ta farko, yawancinmu a waya ba ma sa lanƙwasa, sai a wayi gari ana rubuta "wasan kuma", kuma ita "kuma" kusan babu layin Hausa da ba ta ciki. Mai karatu zai tsaya yana jiran ƙarshen jimla. Ta biyu, sunan tsalle kawai ya gani. Bai ga inda ake tsallen zuwa ba, kuma yana ƙara wa wasan rainin da 'yan gasarsa suka yi shekaru suna fama da shi.

Na duba latsi ma, tunda latsawa ce ke tayar da faifan. Sai dai yau in ka ce latse-latse, waya kowa zai tuna.

Shi ya sa na koma ga yadda Hausa ta saba raɗa wa wasannin waje suna. Mun ce ƙwallon kwando, mun ce ƙwallon raga. Ba mu tsaya lissafa tsaro da kai hari ba, abin da ke tsakiyar fili muka kama. A nan abin da ke tsakiya shi ne mazubin nan. Ƙoƙo ne ya fara zuwa baki, amma in aka cire masa lanƙwasa ya koma koko na sha, mun sake faɗawa ramin da muka guje wa. Kofi kuma zai rikice da kofin gasa, ga shi wasan yana da nasa kofin. Kurtu fa? Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san kurtun tawada, ɗan mazubi ne da tafin hannu ke rufewa, girmansu kusan ɗaya da na wasan, kuma babu harafi mai lanƙwasa a cikinsa. Sai na gina sunan a kan tsarin da muke da shi a faɗa-wuta: faɗa-kurtu. Ko an rubuta "fada-kurtu", kurtun da ke biye zai nuna wace faɗa ake nufi.

Na san za a ce kurtu sabon soja ne ma. Haka ne, amma babu wanda zai ji "gasar faɗa-kurtu ta duniya" ya tafi bariki. Za a kuma ce sunan bai ambaci hawa kan na abokin karawa ba, alhali ni da bakina na ce shi ne babban makami. Amsata ita ce, duk wannan kamun ana yin sa ne don a hana wani isa kurtu, ko a share wa kai hanya. Wanda ya saka nasa a ciki yana samun ƙarin bugu. Launin da ya saka shidansa duka ya kashe zancen agogo, kuma gefen da ya yi nasara ta wannan hanya ana cire maki ɗaya daga na abokan karawa a ƙara masa, har 6 da 1 ya koma 7 da 0. Kurtun ne dai alƙibla, daga zamanin Fincher har teburin gasar yau.

Sauran kalmomin ba su da wahala. Ƙananan fayafayan, winks, 'ya'ya ne, yadda muke cewa 'ya'yan dara. Guda ɗaya ɗa. Babban faifan da ake latsawa da shi, squidger, malatsi, a kan awon mabuɗi da matsefi. Squop kuwa danne: ya danne masa ɗa, ɗansa a danne yake, ya kuɓutar da dannannen. Ƙyallen shimfiɗa ce. Ku gwada a jimla ku ji: "Ja ya danne 'ya'yan kore biyu, sannan ya ɗauki ƙaramin malatsi ya zura na ƙarshe a kurtu." Ban ga inda mai sauraro zai nemi a tsaya a yi masa bayani ba.

Akwai bugu ɗaya da ba zan taɓa sunansa ba. Idan mutum ya tayar da ɗa tun daga layin farawa a kusurwar shimfiɗa ya faɗa kurtu kai tsaye, Carnovsky ake ce masa, sunan Steve Carnovsky ne, ɗan wasan Jami'ar Harvard ta Amurka da ya shahara da shi a 1962. Sunan mutum ne, a bar masa abinsa.