Musayar waƙa: godiya a bakin mudu

Uwar Zumunta, Tudun Wada:
Salama a gare ku, 'ya'yana. Lahadi mai zuwa ne godiyar girbi a ikkilisiyarmu, shi ya sa na ɗora baiti. Amsa-amon "ya" ne, wanda ya karya shi zai sayo mana ƙosai.

Na kwana na tashi, Ubangiji ya ba ni lafiya,
Sanyin Jos da hazo ba su hana ni tafiya,
Zan ɗauki kwaryar acca, jikana ya riƙe doya,
In taka rawa har gaban bagadi don godiya.

Mai Tumatir, Farin Gada:
Mama, a gafarce ni, zan tsoma baki.

Taka rawarki Mama, ba mai hana ki ko ɗaya,
Amma ran Litinin a kasuwa ake gane mai godiya.
Kwando sama jajir, yana yi wa kowa dariya,
Ƙasa ruɓaɓɓe, an danne da ganye don mai saya,
Mai kwandon kuwa shi ya ja waƙa a coci jiya.
Wani ya bubbuge gindin mudu, ya rage ƙwaya,
Karin Magana 11:1 ta ce Ubangiji na ƙyamar ma'aunin ƙarya.

Ɗan Keke, Terminus:
Yaya, kin sosa min inda yake ƙaiƙayi.

In hadari ya taso daga duwatsun Shere da safiya,
Abokan aikina kan ninka kuɗin hanya,
Ni kuwa na bar shi yadda yake jiya,
Tsohuwa da buhun dankali ta shiga, sai kasuwar Katako.

Mai Tumatir:
Katako? Ƙanena, ka karya! Ƙosai na wuyanka.

Dattijo, Bukuru:
Ku bar yaron, ma'anarsa ta fi amonsa. Sai dai kada ku rena rawar Mama.

Kutare goma Yesu ya warkar tsakanin Galili da Samariya,
Tara suka yi gaba, wanda ya komo ɗaya,
Da babbar murya ya yabi Allah, bai ji kunya,
Ya faɗi gaban Yesu, Luka 17 ta shaida gaskiya.
Baki ma na da rabonsa, kada a mai da shi baya.
Amma in ka kawo baiko, ka tuna ɗan'uwa na riƙe da kai a zuciya,
Matiyu 5 ta ce ajiye shi, je ku fara shirya.
Mu dattawa mun fi kowa jin wannan da wuya,
Gabar shekara goma kan iyakar gona, ga mu a kujera ɗaya.

'Yar Kwayar Coci, Unguwar Rukuba:
Baba, na gaishe ka. Ni ba gwana ba ce, amma wannan ya daɗe yana ci min rai.

Akwai yarinya a layinmu, an ɗauko ta daga ƙauye marainiya,
Ita ce wanki, ita ce jan ruwa a rijiya,
Hannunta ya tsattsage da hunturu, ba man shafawa ko ɗaya.
An ce za a sa ta makaranta, maganar ta bi rariya,
Kuɗin aikinta kuwa kullum "sai an biya".
Uwar gida ta ɗinka ankon girbi, ta sayi sarƙar wuya.
Yaƙub 5:4 ta ce hakkin ma'aikaci na kuka, ba ya ɓuya.

Ɗan Keke:
Kai! Wannan ya fi ƙarfin baitina.

Uwar Zumunta:
'Yata, kin sa jikina ya yi sanyi.

Na ji, na kuma duba nawa gidan kafin in ɗaga murya,
Wadda ke min shara ta karɓi nata tun shekaranjiya.

Sauran ba na waƙa ba ne. Kada ki faɗi sunan matar a nan. Ki same ni bayan taron Zumuntar Mata, mu je gidan ni da matar fasto mu yi magana da ita a ɗaki. Ki tambayo min yarinyar aji nawa ta tsaya.