"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga": ta dace da Jamus ta zamanin Hitler?

Baban Ummi:
Salamu alaikum jama'a. Wannan karin maganar mun saba jinta idan 'yan gida ɗaya suka ɓata har bare ya samu ƙofar shiga tsakaninsu, amma ni ina ganin ta zauna daram a kan Jamus. An ci su a yaƙin duniya na farko, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗora musu laifi da diyya mai nauyi, a 1923 kuɗinsu ya lalace har dala ɗaya ta haura mak tiriliyan 4. A zaɓen 1928 jam'iyyar Nazi ta Hitler ko kashi 3 cikin ɗari ba ta samu ba, to da tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 1929 marasa aikin yi suka kai wajen miliyan 6, zuwa Yulin 1932 ga ta da kashi 37. Talauci ne tsagewar, Hitler ne ƙadangaren. Ko ya kuka gani?

Malam Na-Zariya:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi alƙalumanka daidai ne amma ban yarda da inda ka kai su ba. In yunwa kaɗai ke haifar da kisan gilla irin wanda 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, ai Amurka ma a 1933 mutum ɗaya cikin huɗu ba shi da aiki, Roosevelt suka ɗora. Kuma Hitler bai taɓa cin rinjaye a zaɓe na gaskiya ba, a Nuwamban 1932 ma ƙuri'unsa raguwa suka yi zuwa kashi 33. Manyan ƙasa ne irin su tsohon shugaban gwamnati von Papen suka lallaɓa shugaba Hindenburg ya naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933, wai su za su riƙe masa linzami. Tun kafin nan ma, 'yan ra'ayin riƙau sun harbe tsohon ministan kuɗi Erzberger a 1921, sun harbe ministan harkokin waje Rathenau a Balin a 1922, shi kansa Hitler ya yi yunƙurin juyin mulki a Munich a 1923 aka yanke masa shekara 5 bai ko cika ɗaya a kurkuku ba, alƙalai na sassauta wa masu jini a hannu muddin 'yan ɓangarensu ne. Wannan ba tsagewa ba ce, ƙofa aka buɗe masa da hannu.

Ɗan Auta:
Malam ni fa tambaya gareni, ba a cewa in ɓera na da sata daddawa ma na da wari? Ko su Yahudawan da aka kashe ɗin akwai abin da suka yi ya jawo musu?

Uwar Biyu:
Subhanallahi. Ƙanena dan Allah ka janye wannan, wallahi nan ba wurinta ba ne. Ana faɗinta ne ga wanda ya yi sakaci da kayansa ko ya tsokano faɗa, ba ga jaririn da aka harbe a bayan uwarsa ba. Yahudawan Jamus a 1933 wajen rabin miliyan ne, ko kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen ƙasar ba su kai ba, kusan dubu 100 daga cikinsu sun saka kakin sojan Jamus a yaƙin farko, wajen dubu 12 suka mutu a fagen daga, duk da haka aka ƙaga musu ƙaryar cewa su suka ci amanar sojoji daga cikin gida. A Babi Yar kusa da Kyiv ta Ukraine Yahudawa 33,771 aka harbe cikin kwana biyu a Satumban 1941, mata da tsofaffi da yara, wane wari suka yi? Naƙasassu fa da aka kashe a asibitoci? Kuma ka sani wanda ya yarda da wannan hujjar a kan Yahudawa gobe da ita za a kafa masa a kan Musulmin Srebrenica, maza da samari wajen dubu 8 da sojojin Sabiyawan Bosniya suka kashe a Yulin 1995, su ma an ce tsohon laifin Turkawa ake ramawa a kansu.

Ɗan Auta:
To Anti su waye suka yi kisan da hannunsu? Mutum ɗaya dai ba zai kashe miliyan 6 ba.

Malam Na-Zariya:
Yawwa, nan ne karin maganar ta fi ba ni matsala, don ƙadangare daga waje yake zuwa. A Yulin 1942 aka kai wata bataliyar 'yan sanda, mutum wajen 500, garin Józefów a Poland. Yawanci magidanta ne daga Hamburg, 'yan dako da direbobi da akawu, ba wasu riƙaƙƙun 'yan jam'iyya ba. Kwamandansu Trapp ya tara su da asuba ya faɗa musu aikin, ya ce dattijon da ya ji ba zai iya ba ya fito gefe. Kamar goma sha biyu ne suka fito, ba kuma a kashe ko ɗayansu ba saboda ya ƙi. Sauran suka wuni suna kai Yahudawan garin cikin daji suna kwantar da su suna harbinsu a ƙeya, wajen 1,500 a rana ɗaya. Kunyar abokai, bin umarni, da shekaru ana cusa musu cewa waɗannan ba mutane ba ne. Waɗannan 'yan gida ne Baban Ummi.

Baban Ummi:
Malam na ji, amma kada ku kwace min karin maganata haka nan. Ai ba wanke ƙadangare take yi ba, gargaɗi ce ga mai gida. Kuma asalin ma'anarta ta rabuwar kai tana nan, 'yan gurguzu da 'yan Social Democrat da sun haɗa kai a Nuwamban 1932 kujerunsu sun fi na Nazi yawa, amma suna can suna kiran juna maƙiya. Da aka zo dokar miƙa wa Hitler dukkan iko ranar 23 ga Maris 1933 an riga an kame 'yan gurguzu ko sun ɓuya, 'yan Social Democrat 94 ne kawai suka ce a'a, sauran jam'iyyu duk suka ɗaga hannu.

Uwar Biyu:
Wannan na yarda da kai, a kan yadda ya hau mulki ta dace. A kan kisan ne ba ta kai ba.

Malam Na-Zariya:
To ga wata ku ɗora a kanta mu gani. A 1904 Jamus na kan ganiyarta, ga kuɗi ga masana'antu ga sarki a kan gado, ba a ci ta da yaƙi ba ba kuma yunwa, Janar von Trotha ya ba da umarnin a ƙarar da ƙabilar Herero a Namibiya ta yau, wadda Jamus ke wa mulkin mallaka a lokacin, aka kora su cikin hamadar Omaheke aka tsare rijiyoyi, dubban dubbai suka mutu da ƙishirwa, sai a 2021 gwamnatin Jamus ta amsa cewa kisan ƙare dangi ne. Hitler a lokacin yaro ne ɗan shekara 15. Baban Ummi nuna min inda bangon ya tsage a 1904.