Tambaya: a wasu harsunan ya ake nuna ka tsani abu ko kana gudun mutum?

Ɗalibar Harshe:
Slm jama'a, dan Allah masu jin wasu harsuna ku taimaka min. Mu dai a Hausa idan aka zo maganar ƙi muna da kaya, akwai na tsane shi, na ƙi jininsa, ya fice min a rai, jinina bai haɗu da nasa ba, ba sa ga maciji, ba sa shan inuwa ɗaya, mun yi hannun riga, ga ƙyama ga ƙyanƙyami kuma kowanne da inda ake ajiye shi. To amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba duk wanda kake gudu ne kake ƙi ba, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin sunan miji, suruki in ya hango surukarsa har hanya yake canjawa. Wai mu kaɗai ne haka ko akwai irinsa a wani wuri?

Malamin Islamiyya:
Wslm. Larabci ya jera abin hawa hawa. Karaha ita ce ƙin abu, daga nan muka samo makaruhi, abin da ba a so amma bai kai haram ba. Sai bugdu, ƙiyayyar da ta zauna a zuciya, sai maƙtu mai tsanani wanda ya zo a Suratus Saffi aya ta 3 kan mutum ya faɗi abin da ba ya aikatawa. Mafi ƙanƙanta kuma uffin, a Suratul Isra'i aya ta 23 aka hana a ce wa iyaye ko shi, wanda kusan shi ne tsakinmu. Ki duba fa, ɗan sautin da bai kai kalma ba amma aka yi masa hukunci.

Ɗan Zinder:
Malam tsakin nan ai ya yi nisa wlh. A Faransa tchip suke ce masa, yaran Afirka ta Yamma da na Karebiyan suka cika azuzuwa da shi har a 2015 jaridu suka ba da labarin wasu makarantu sun hana. 'Yan Jamaika ma suna yi, tun zamanin cinikin bayi ya tsallaka teku. Ibo kuma in suka ji abin tir sai ka ji tufiakwa, a kaɗa yatsu a zagaya hannu ta saman kai kamar ana jefar da abin baya, mu nan sai mu ce Allah ya kiyaye mu tofar da yawu.

Inna Wuro:
Ƴar uwa ɓangare na biyu na tambayarki shi ya fi min muhimmanci dan ni abin yana min ciwo yadda yaran yanzu suke ɗauka wai rashin so ne. Mu Fulani semteende muke cewa, kunya, kuma tana cikin pulaaku, wato ɗabi'unmu na Fulani, uwa za ta wuni ba ta kalli ɗan farinta a gaban mutane ba amma in ya yi zazzaɓi ita ce ba ta runtsawa, wace irin ƙiyayya ce wannan? Mi yiɗaa, wato ba na so, daban, kunya daban. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Zulu da Xhosa a Afirka ta Kudu suna da hlonipha, amarya ba sunan surukinta kawai take gudu ba, har gaɓoɓin da ke cikin sunan, duk kalmar da ta ƙunshe su sai ta nemo wata ko ta murɗa ta, wasu masana ma suna ganin ta nan ne sautukan nan na ƙyasta harshe suka samu hanyar yaɗuwa a harsunansu. Mutanen Dyirbal na arewacin Ostireliya sun wuce haka, salon magana guda suka ware mai suna Jalnguy wanda a da sai in surukai suna kusa ake yinsa, nahawun ɗaya amma kalmomin kusan duk an canja. Mutum ba ya shan wannan wahalar kan wanda bai ɗauka da daraja ba.

Ɗan Zinder:
Gaskiya ne Inna, amma fa wani lokacin ana fakewa da kunya a yi gaba, na sha ganin gidan da ake cewa alkunya ce alhali shekaru ba a gaisa ba.

Malamin Islamiyya:
Wannan kam ba ta ɓuya. Mai kunyar surukarsa yana aika mata goro da sallah, yana tsugunawa daga nesa ya gaishe ta. Mai gaba ko sallama ba ya amsawa, shi ne wanda hadisin Buhari da Muslim ya ce kada ya wuce kwana uku.